Ranar da Hannuwan Baba Suka Dawo

Bodinga,
Jihar Sakkwato.
9 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga ƙanena Jabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zahra'u da 'yar ɗiyata Nana Fatima, wadda har yau a hoto kawai na san ta. Allah ya tsare ku da ruwan Fatakwal da hayaƙinta, ya sa albarka a janaretocin da kake gyara wa mutane. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. An kai gero rumbu, dawa ma ta kusa, mutanen Danchadi har sun fara dashen albasa a fadama. 'Yata Kausar ta shiga aji huɗu, tana ta yi mana Turancin da ita ma ba ta gama ji ba. Inna tana Kajiji, ƙafar nan tata ta yi sauƙi, baki kuwa yana nan yadda ka bar shi, ko kaza ba ta wucewa ta gabanta ba ta sha faɗa ba.

Na san za ka ce me ya kai Yaya Hajo rubuta wasiƙa ga waya a hannu. Kai ka ja. Duk ran da na kira ka, kafin in gama tambayar iyali ka ce kana kan aiki, ga injin yana ruri a bayanka kamar ana yaƙi. Maganar da nake tafe da ita ba ta minti uku ba ce, kuma sau biyu ina gwada faɗa wa mutane da baki kuka yana tsinke mini ita. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Zayyanu direban motar albasa ya miƙa maka hannu da hannu. Ka nemi wuri ka zauna, ka wanke baƙin man nan, ka karanta ta har ƙarshe.

Maganar hannuwan Baba ce, da sana'ar gidanmu. Tun kakan kakanmu ake ɗorin ƙashi a gidan nan, kuma daga Kajiji har Shagari in an ce Haliru Maɗori babu mai tambayar wane ne. Kai ka fara koya, ka iya ja, ka iya jera kara da ɗauri, sannan ka tafi kafin ya koya maka babban abin, wato jin ƙashi da kan yatsa ta cikin nama. Shekara takwas ke nan, kuma babu wanda ya zauna a wurin da ka tashi. Ka san shekara uku da suka wuce rawar nan ta fara masa a babban yatsan dama, yana murza shi kamar mai jan carbi alhali babu carbi. Abin da ban taɓa gaya maka filla-filla ba shi ne inda ta kai. Jikin ya sandare, fuskar ta daina motsi, ko dariya yake sai dai ka gani a ido. In ya zo bakin ƙofa ƙafafun su kafe, ya tsaya yana kallonsu kamar na wani. Ran da aka kawo masa wani mutumin Shagari da karayar ƙwauri a bayan babur, ya ɗora hannu, hannun ya yi ta kaɗawa a kan ciwon har mutumin ya yi ƙara, sai Baba ya ce a wuce da shi asibiti. Ya naɗe kararen ɗorinsa a tsumma, ya sa Inna ta soke su a rufin ɗaki.

Kowa ya kawo tasa. Wasu suka ce sammu ne, wasu iska, wasu suka ce tsufa ne a haƙura. Baba da kansa ba baƙon saiwa ba ne, ya jiƙa wannan ya dafa wancan har ya ƙure saninsa. Bayan ƙaramar salla Baffa Musa ya kafe sai an kai shi babban asibiti a Sakkwato, muka ɗauke shi ni da Baffan. Likitar mace ce, yarinya ma, ban jin ta girme ka. Ta sa shi ya yi tafiya ya dawo, ta sa ya haɗa yatsa da yatsa da sauri, ta lanƙwasa masa gwiwar hannu tana saurare da nata hannun, har na ga Baba yana satar kallon yadda take riƙo. Ta ce sunan ciwon Fakinsan. Ta yi mana bayani cewa can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke fitar da sinadarin da ke ba jiki izinin motsi, wurin ne yake mutuwa kaɗan-kaɗan. Ta rubuta wata ƙwaya mai suna lebodofa, ta ce in ta isa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwar ce za ta juya ta ta zama wancan sinadarin da ya yi ƙaranci. Don a yi kusa da asibiti aka bar Baba a Bodinga. Ka san shi da kunyar suruki, ya rantse ba zai kwana gidana ba, sai ya sauka gidan Baffa, lungu biyu tsakaninmu, ni nake kai masa abinci da magani.

To, ga inda yayarka mai wayo ta yi aikinta. Mai ba da magani a tagar asibiti ya ce mini da ruwa za a sha, kafin abinci. Na ji shi sarai, amma a raina na ce wannan bai san darajar tsoho ba. Ina aka taɓa ɗura wa dattijo maganin Bature ciki wayam? Mu da muka tashi ko maganin zazzaɓi ba a ba mu sai an dama fura? Ga Inna kullum tana aiko ɗan acaɓa daga Kajiji da kindirmon shanunmu, mai kauri, wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Baba kuma haɗiyar tuwo ta fara yi masa wuya, furar ce abincinsa. Sai na tsara abina: safe, rana da yamma, in dama masa kwano guda, in sa masa ƙwayar a baki, ya kora da fura har sai ya ga ƙasan kwano. Ran da aka samu nama in haɗa masa da romo. Ina yi ina jin daɗin kaina, har ina faɗa wa matan unguwa cewa jinya sai 'ya mace.

Wata biyar muna haka. Ba zan ce maganin bai yi komai ba, wani lokaci can bayan awa biyu jikin ya ɗan saki, kafin ka gama murna ya koma. Baba ya fara ture hannuna. Inna ta aiko cewa a maido mata da mijinta ya zauna a ɗakinsa, Baffa Musa da ya kawo shawarar asibitin ma ya sare, ya ce a bar wahalar da bawan Allah. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce ba za a daina ba sai na koma na gaya wa likitar nan a gaban idonta cewa maganinta bai da wani amfani. A motar Sakkwato, ga Baba a gefena, har jera maganganun da zan yaɓa mata nake yi. Ta bar ni na zazzage tas, sannan ta ce in gaya mata yadda nake ba shi, daga farkawarsa har kwanciya. Na gyara zama na kwashe mata labarin kindirmo da romo, ina jiran yabo. Jabiru, sai ta ajiye biro ta dafe goshi tana murmushi. Ta ce abin gina jiki da ke cikin nono da nama da wake, ƙofa ɗaya suke bi da maganin nan, daga hanji zuwa jini, daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. In suka taho tare sai su cika ƙofar, kamar tumaki a bakin garke, maganin ya tsaya a baya, ɗan abin da ya samu shiga bai kai ya yi aiki ba. Ashe wata biyar ni ce nake tare masa hanya da ludayina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce kada in damu, ba ni ce ta farko ba, masu shanu da yawa sun yi mata haka, kuma ƙauna ce ta jawo. Ta ce a ba shi da ruwa zalla, a jira rabin awa ko fiye kafin fura, nama kuma a bar shi sai abincin yamma. Ta ɗan gyara masa yawan ƙwayar ma.

Da muka tashi tafiya sai Baba ya kawo tasa. Da 'yar muryar nan tasa da ta koma kamar raɗa, ya tambaye ta wai wanga magani daga wane icce aka ɗebo shi, don shi bai yarda akwai maganin da ba shi da uwa a daji ba. Ta ce wannan da ke hannunsa a masana'anta aka haɗa shi, aka auna, aka gwama shi da wani da ke raka shi don kada ya lalace a hanya ko ya sa amai. Amma ta ce Baba ya yi gaskiya, ainihin abin Allah ya riga ya ajiye shi a cikin tsiro tun kafin a san masana'anta, kuma akwai wani wake na daji da ke ɗauke da shi da yawa. Ta buɗe wayarta ta nuna masa hoto. Ka san mene ne? Ƙarara! Ƙararar nan ta bakin rafi, mai gashin ƙaiƙayi, wadda Baba ke sa wa wuta duk shekara yana tsine mata, wadda ta taɓa shiga maka wando kana ɗan shekara bakwai ka zagaye Kajiji tsirara kana ihu. A cikin 'ya'yanta abin yake. Na ga idon Baba ya cika da hawaye, ya riƙe wayar da hannu biyu tana rawa, ya ƙi sake ta.

Likitar ta ga inda hankalinsa ya nufa, ta yi maza ta ja masa kunne. Ta ce ana bincike a kan garin 'ya'yan a wasu ƙasashe, har ana gwada shi ga marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar likitoci, amma ƙarfin na wannan kurmi daban da na wancan, ba a sanin awonsa da ido, kuma in ya yi yawa yana sa amai da ruɗewa, balle a haɗa shi da ƙwaya. Ta sa ya yi mata alkawarin ba zai taɓa ba sai da saninta. Ya ce shi ma bai taɓa yarda wanda ya yi wa ɗori ya kwance ɗauri da kansa ba, don haka ya ji. Da ta ga yana son zancen, ta ƙara masa da cewa tsofaffin da ke zuwa wurinta da ciwon mantuwa, waɗanda ke manta sunan 'ya'yansu, ɗaya daga magungunan da ake ba su an fara samo shi ne daga wani fure na ƙasashen sanyi mai kai a ƙasa kamar albasa, yanzu kuma ana iya haɗa shi a masana'anta. A mota har muka wuce rabin hanya Baba yana kallon daji ta taga. Can ya ce mini shekara sittin yana yawo cikin itatuwa yana ganin ya san su, ashe gaisawa kawai suke yi.

Washegari da hantsi na je gidan Baffa da kofin ruwa, na bar furar a rufe a gefe, hannuna har ƙaiƙayi yake in miƙa masa. Ya haɗiye ƙwayar. Muka zauna a zaure ni da shi da Baffa, hannun daman Baba yana ta bugun cinyarsa yadda ya saba. Na sa ido a agogon waya. Minti ashirin babu komai. Minti talatin na fara cewa a raina wata wahalar ce kuma. Wajen minti arba'in sai na lura ban ƙara jin ƙarar hannun a kan riga ba. Na duba, ga shi kwance a cinya, shiru, kamar hannun kowa. Baba ya ɗaga shi ya juya gaba da baya, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ba wanda ya kama shi, ya nufi ƙofar nan da kullum take kafe shi, ya wuce ta ya fita waje, ya dawo ya sake wucewa don ya tabbatar. Baffa Musa sai salati yake yana maimaitawa. Ni tsoro ne ma ya fara kama ni. Abu ɗan mitsitsi da bai kai ƙwayar wake ba, ya bi jini ya gano wani lungu a cikin kan mutum da ko mai kan bai san da shi ba, ya buɗe abin da ya shekara uku a kulle. Na yi karatu daidai gwargwado, Jabiru, amma ban taɓa jin girman Allah a jikina irin na wannan hantsin ba. Da Baba ya zauna ya ce to yanzu a ba shi furarsa, har gefen bakinsa ya motsa, murmushin farko da na gani tun bara.

Bayan mako uku muka maida shi Kajiji, na kwana biyu ina koya wa Inna tsarin, tana cewa wai yau ni zan koya mata ciyar da mijinta. A rana ta biyu da safe aka kawo Jamilu, makiyayin nan na rugar yamma, saniya ta maka shi da ƙasa ya karye a dantse. Babu rauni a waje, da akwai da Baba ya tura su asibiti yadda ya saba. Mutanensa ma ba ɗori suka zo nema ba, sun zo ne ya gaya musu inda za su. Baba ya tambaye ni ƙarfe nawa, na gaya masa, lokacin bai fi minti goma da shan magani ba. Sai ya ce su zauna a inuwar darbejiya su jira, hannuwansa suna hanya. Suka dubi juna, amma suka zauna. Ya sa Inna ta sauko da tsumman nan daga rufin ɗaki, ta kakkaɓe ƙura. Da lokaci ya yi ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya rufe ido, ya bi dantsen da kan yatsu a hankali har ya tsaya a wuri ɗaya. Ya sa yayan Jamilu ya ja, shi kuma ya danna da manyan yatsu biyu, na ji ɗan sautin nan da na daɗe ban ji ba, na kau da kai kamar yadda na saba. Ya jera kara ya ɗaure, ƙullin ya fito tsaf irin na da. Mako huɗu ke nan, jiya aka gaya mini Jamilu yana motsa yatsunsa duka. A ranar ɗorin kuwa Inna ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Yanzu ga gaskiyar da ba na so ka tsallake. Maganin nan ba warkarwa yake ba. Likitar ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye, wancan wurin a ƙwaƙwalwa yana ci gaba da mutuwa, kuma har yau ba a samo abin da ke tsayar da shi ba, na masana'anta ko na daji. Aro ake ba Baba, sau uku a rana, na safe ya fi ƙarfi. Ranar Jamilu ma kafin a kira azahar na ga babban yatsan ya fara murzawa, Baba ya sa ɗaya hannun ya rufe shi. Ta ce da tafiya ta yi nisa sa'o'in za su riƙa raguwa, za a ƙara ƙwaya, wata rana ƙarin ma ya zo da nasa matsalolin. Na tambaye ta shekara nawa muke da su, ta ce wannan sanin na Allah ne, amma in akwai abin da yake so ya yi da hannuwansa, yanzu ne.

Kada ka ce ni in koya. Na gwada, ya ɗora yatsuna a ƙafar wata tunkiya da ta karye, ya ɗora nasa a kai yana tambaya ko na ji, ni kuwa ban ji komai ba. Ya yi dariya ya ce in je in ci gaba da dama fura, nan na fi ƙwarewa. Wannan abu ba a rubuta shi a takarda, ba a faɗarsa a waya, sai hannu a kan hannu, kuma naka ne ya riga ya yi rabin hanya. Ban ce ka bar aikinka ba, ban ce ka kwaso iyali ba. Wata biyu ko uku na rani, lokacin da babura ke zubar da mutane a hanyar Kajiji, ya isa ka ga abin da za ka gani. Wata biyar na ɓata masa da hannuna, kuma abin yana ci na. Ba na so a ƙara ɓata ko mako ɗaya a kan jiran ka gama shawara.

Inna tana gaishe ka, ta ce a gaya wa Zahra'u ta daina aske wa yarinya kai. Baffa Musa da iyalinsa suna gaisuwa, haka Gwaggo Tani da Mu'minat. Baban Kausar ya ce in miƙa gaisuwarsa ta musamman, ya sa maka albasa rabin buhu a motar Zayyanu, ka duba kada a sauke ta a hanya. Ka gaishe mini da Zahra'u da kyau, ka shafa mini kan Nana Fatima, ka gaishe da duk mutanen gida da ke tare da ku can.

Saƙon Baba na bari ƙarshe. Ka san shi, tun da ka tafi bai taɓa buɗe baki ya ce a kira ka ba. Da na gaya masa zan rubuto maka, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce in gaishe ka, in ce maka yana da hannu daga hantsi zuwa goshin azahar, in za ka zo ka zo da safe.

Wassalam. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Hajo Haliru